Akuyar da Ta Tace Mini Gulma

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, sai ga mafarki. Laifin Zulai ne, 'yata mai aikin kwamfuta. Muna cin dambu take ce mini wai akwai yaren kwamfuta mai irin halina, sai yana tsakiyar magana yake yanke abin da zai faɗa. Ita kuma aikinta ta juye shi kaf zuwa yaren inji tun kafin a kunna, don ya yi gudu.

To, na tsinci kaina a wani gari, ruwan sama na tsirowa daga ƙasa yana jiƙa mini zane ta ciki. Sauri nake in kai wa aminiyata Tabawa labarin haƙoran robar Alhaji Ɗan'azumi da suka faɗa kwanon fura a wajen suna, kafin Kandala mai bakin rediyo ta riga ni.

A bakin lungu akuya ta tare ni, da tabarau da hatimi.

"Iya, nan ba a magana kai tsaye. Kawo labarin duka mu juye shi tukuna."

Na fara. Ta ɗaga kofato. "Wannan wance da ta yi dariya, wace ce?"

"Ya danganta da mai saurare. In Tabawa ce, surukarta ce."

"Ba ma karɓar ya danganta. Haƙoran nawa ne?"

"Da safe huɗu, zuwa la'asar sukan kai sha biyu."

Sai ga mu gaban injin markaɗe. Ta zuba labarin. Injin ya cinye rantsuwata uku, ya cinye "kar ki gaya wa kowa", wai ba a taɓa aiki da shi ba. Har ɗan tarin da nake yi kafin in ambaci suna bai bari ba.

"Ke, tarin nan shi ne gishirin!"

"Yana ɓata lokaci."

Kalma uku suka fito: haƙori ya faɗi. Suka zura da gudu, suka bar ni ina haki.

Na iske Tabawa a kan rufin ɗaki tana tsintar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba. "Na ji. Allah ya sawwaƙe." Can gefe Kandala ta gyara zama, ta yi ɗan tari. Tabawa ta ture tire, ta matsa kusa da ita.

Na buɗe baki zan kurma ihu, ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta tashe ni. Na zari mayafi.

"Inna, sai ina?" in ji Zulai.

"Gidan Tabawa. Yawan haƙoran kuma sai na ga fuskarta."