Wa Zai Fito a Maƙwabciya?

Malama Wietske ta daɗe tana koyar da wasan kwaikwayo a birnin Groningen, amma ba ta taɓa samun aji mai tarin jarumai irin na bana ba. Wasan da za su nuna ranar tunawa da mamatan yaƙi labarin wani Bayahude ne mai gasa burodi, wanda 'yan Nazi suka kwashe da iyalinsa. Da aka zo rabon wanda kowa zai fito, duk suka ɗaga hannu, kowa shi ne zai ɓoye Yahudawa a ɗakin sama.

"Ai gado na yi, Malama," in ji Tjeerd, dogon ajin. "Kakana ma ya ɓoye wasu."

"Nawa ma!" in ji wani daga baya.

"Sannunku, jikokin zakuna," in ji ta. "Da gaskiya ne, wa aka loda a jiragen ƙasa zuwa sansanin kisa?"

Sojan Nazi ma an samu mai so, saboda dogon takalminsa. Maƙwabciyar da ta zauna tana kallo ce kowa ya ƙi. Abin ya dami Wietske ƙwarai, don in babu ita, yaran nan za su tashi da tunanin baƙin da suka mamaye ƙasar kaɗai suka yi ta'asar.

Ta lallashi Nynke, sarauniyar surutu.

"Haba Malama! Mamata za ta zauna layin gaba da waya. A ɗauke ni ina jan labule kamar munafuka? Allah ya kiyaye."

Ana cikin haka sai ga Kaka Roosje, tsohuwar Bayahudiyar da aka gayyato ta duba shirinsu. Ta haura tamanin, amma a keke ta zo, tana mitar iska.

"Kun rasa maƙwabciya? Ku ba ni kujerar. Ni na san matar."

Ta zauna bakin tagar kwali, ta nemi kofi da biskit ɗaya tak, ta rufe gwangwanin ta rungume. Ajin ya fashe da dariya, kowa ya ga kakarsa.

"Yanzu sai ki ja labulen, Kaka," in ji Tjeerd.

"Wane labule, ɗan nan? Ka taɓa ganin mutanen kirki sun ja labule a ƙasar nan? Sai a ce suna ɓoye wani abu. Ina laɓe a gidan mai madara, ina leƙe, lokacin da aka fito da iyayena. Ga abin da maƙwabciyarmu ta yi."

Ta ajiye kofin, ta yi murmushi, ta ɗaga hannu kamar mai sallamar masu tafiya kasuwa.

Dariya ta ɗauke.

Nynke ce ta miƙe, ta ƙaraso a hankali.

"Kaka, su kuma... sun ɗaga mata?"

"Mamata ta ɗaga. Mace ce mai ladabi." Tsohuwar ta tashi daga kujerar. "Zauna, 'yar nan, in nuna miki tsayin hannun."