Yadda Mai-agogo Ya Koyi Alkawari

Mai-agogo ya tsufa a kan teburinsa bai taɓa yanka wa kowa ranar karɓar agogo ba. In ka matsa masa, sai ya cire tabarau ya ce ka leƙo jibi, in da rai. Haka yake gaya wa mai gidan haya, haka yake gaya wa likita. Ko a asibiti, ranar da matarsa ta ce gobe za ta koma gida ta wanke labule, sai da ya sa ta ƙara kalmar. Ta ƙara tana harararsa. Labulen na nan yadda ta bar shi.

Jikarsa ce ta sa ya shiga ajin Turanci. Ɗansa ya yi nisa, yana ƙasar waje da iyalinsa, a can aka haifi yarinyar, ba ta jin yaren kakanta ko kaɗan. Duk Lahadi sai a haɗa su a waya. Ya kira ta amarya, ya tambaye ta ina abincin miji, ita kuwa ta ƙura masa ido kamar mai kallon kifi a kwalba, har uban ya fassara, wasan ya mutu a hanya. Kwanan nan ta kama tambaya ɗaya: ko Kaka zai zo bikin makarantarsu. Uban ya san likita ya hana tsohon hawa jirgi, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Ya roƙe shi ya samo abin da zai ce mata da bakinsa, don shi ya gaji da kame-kame.

Ajin yana saman wani kantin magani, bayan la'asar. Kujerun yara ne, gwiwar Mai-agogo na dukan tebur. Akwai direba, akwai mai gadi, da wata ungozoma mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a bokiti. Da aka zo darasin abin da zai faru nan gaba, Malama ta yi bayani cewa Turawa sun raba gobe kashi-kashi: wadda ka yi niyya, wadda ka riga ka shirya har da tikiti a aljihu, da wadda ka yi alkawari. Mai-agogo ya ce a ransa lallai mutanen nan ba su taɓa zaman jinya ba.

Tsarin Malama shi ne kowa ya miƙe ya yi wa na kusa da shi alkawari. Direba ya yi wa ungozoma alkawarin mota. Mai gadi ya ce zai daina gyangyaɗi, aji ya ce ƙarya. Da aka zo kan tsohon, ya jera Turancinsa tsaf, ba kuskure ko ɗaya, sannan ya liƙa masa "in da rai" a wutsiya. Aka sake, ya sake liƙawa. Kafin mako ya ƙare, ungozoma ba ta kiransa da wani suna sai Baba In-da-rai.

Ranar Alhamis Malama ta tsayar da shi a bakin matakala. Ta ji labarin jikar, amma ba ta ji na likita ba.

"Baba, yaro ba ya son alkawari mai jela," in ji ta. "Ka faɗa mata a yanke, ka rufe baki."

"'Yata, a yanke ai sai Mai sama."

"To ka ara na minti ɗaya."

Ya yi ta gwadawa a shago, da murfin agogo a tafin hannu. Duk sanda ya kai ƙarshen jimlar sai harshensa ya zarce da kansa, kamar ƙafar da ta saba da wata matakala. A ƙarshe ya gano dabara: da ya faɗi kalmar ƙarshe sai ya cije leɓe.

Lahadi ta zo. Yarinyar ta matso har hancinta ya cika wayar, ta yi tambayarta. Yana iya cewa yana so ya zo, an koya musu wannan ma, kuma da bai yi ƙarya ba. Amma ya ga haƙorinta na gaba ya fita, sabo bai fito ba tukuna. Ya ce mata zai zo, da irin Turancin alkawari, ya cije leɓe har ya ji gishiri.

Karon farko ke nan da ta gane shi ba tafinta. Ta yi tsalle, ta yar da wayar a kan kujera. Ya zauna yana kallon rufin ɗakinsu, yana jin ta can ciki tana jan durowa. Uban ya ɗauki wayar, ya ce kayanta take kwashewa don Kaka ya sami wurin sa nasa. Sannan ya ƙara da cewa, a hankali, "In da rai, Baba."

Tsohon ya kashe wayar.

Bai koma aji ba. Ungozoma ta biyo ta shago da agogon da lafiyarsa ƙalau, ta ce ya yi asara, yanzu ana koya musu yadda ake faɗin abin da zai riga ya ƙare kafin wani lokaci ya zo. Mai-agogo ya kara agogon a kunne, ya miƙa mata abinta. Ya ce wannan darasin likita ya riga ya yi masa.