Ranar da Aka Rufe Titin Asibiti

"Yallaɓai, leƙa baya ka gani da idonka," in ji Direba. "Marar lafiya na ɗauko."

Ɗan sandan ya leƙa. A kujerar baya ta tasin, tsohon mai aski na kwance, kansa bisa cinyar matarsa, numfashi na fita da ƙyar kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

"Sannu, Baba," in ji ɗan sandan, sannan ya juyo. "Wallahi ba ni da iko. Yau ake tunawa da rasuwar tsohon shugaba, manya na tafe za su ajiye furanni a dandali. Sai sun wuce."

Ga asibitin can, ana hango rufinsa. Direba ya so juyawa, amma ina, motoci sun toshe shi ta baya, ko akuya ba ta samun wurin ratsawa. Ransa ya ɓaci matuƙa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, tun yana ɗan mitsitsi tsohon nan ke masa aski. Kuma shi da bakinsa ya ce wa matar ta kwantar da hankalinta, yanzun nan za su isa.

Abin takaicin, kaf unguwar babu mai son marigayin kamar tsohon. Hotonsa na nan saman madubin shago, ya koɗe har hanci ya ɓace. Duk shekara, rana irin ta yau, wanda ya zauna kujerar aski ya shiga uku, sai ya sha labarin yadda kasuwa ta watse da aka ji rasuwar, ga kai rabi a aske.

"Me ya tsayar da mu?" in ji tsohon, ido a rufe.

"Mutuminka ne, Baba. Yau ranarsa."

"Au, yau ce? Ban goge hoton ba."

"Ka goge gobe," in ji matar. "Yi shiru haka nan."

Direba ya kasa zama. "Inna, goya shi zan yi. Da ƙafa ma na isa."

Ya fito ya zagayo, ya kama murfin ƙofar baya ke nan, sai lasifikar dandali ta ce kowa ya yi shiru don girmama marigayi. Ɗan sandan ya ƙame. Aka kashe injuna, masu talla suka tsaya cak. Titin ya yi tsit, tsit ɗin da Direba bai taɓa ji ba. Ya kasa kunne cikin motar. Nan ma tsit.

Bai san lokacin da jerin motocin manya ya wuce ba, sai ganin ɗan sandan ya yi ya janye shingen, yana yafuto shi da sauri.

"Ku wuce, ku wuce."

Matar ta zare gefen mayafinta ta lulluɓe fuskar mijinta, ta gyara masa wuyan riga.

"Ba sauri, ɗan nan," ta ce. "Mai da mu gida."

Direba ya koma mazauninsa ya riƙe sitiyari. Motoci suka riƙa kewaye shi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.