Abin da Baba Barau Ya Roƙa

"Nuriyya! Zo ki taya ni ji, ya ɓullo da wata sabuwa!"

Inna Tani ce ke ƙwala kira ta kan katanga. Nuriyya ta ture tiren gyaɗar da take ɓara, ta ja mayafi ta zagaya gidan maƙwabtan nata.

Baba Barau, mijin Inna Tani, yana kwance, baki a karkace. Kwana tara ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin injin niƙansa a kasuwar Rogo. Hausa ta gudu daga bakinsa ƙaf. Ikon Allah, abin da ya rage masa sai yaren wani mutumin Armeniya da ya yi wa aikin injin man gyaɗa a Kano tun yana saurayi.

Yaren ma na aike kawai ya kwaso. "Yegur," zo. "Per," kawo. "Cur dur," ba ni ruwa. Da su ya juya Inna Tani shekara arba'in, da fari da wasa, daga baya ya zame masa jiki. Mutum ne mai alheri, amma fa bai iya lallashi ba ko na sisin kwabo. Ita kuwa ta saba, yana buɗe baki take miƙewa.

Ya kafe matar tasa da ido, ya ce da ƙyar, "Hajis... mi yertar."

"Kin ji ko? Wallahi ban taɓa jin wannan ba," in ji Inna Tani. "Na kawo kunu ya kau da kai. Na kawo rediyo, na kawo buta, na kawo carbi. Malam, me zan ɗauko maka ne?"

Ta sake zabura ta yi madafi. Nuriyya ta ga hawaye ya gangaro masa har cikin kunne, sai tausayi ya kama ta. Ta ɗauki muryarsa a waya, ta tura wa yayanta Sabi'u, direba a Kano, wanda ya san shagon jikan mutumin nan na Armeniya, don a fassara musu.

"Inna, ki kwantar da hankalinki, za mu ji."

"To Allah Ya sa, 'yar nan. Kada bawan Allahn nan ya tafi da buƙata a bakinsa, ina tsaye kamar gunki."

Washegari da hantsi sai ga Inna Tani a tsakar gidan Nuriyya, tana haki, da ɗan kofi a hannu.

"Tun asuba yake nanatawa. Na ce ko zuma ce? Yana son zuma. Sammin kaɗan."

Kafin a tono kwalbar daga ƙasan kwalla an ɗan jima. Tare suka koma. Suka tarar da shi shiru, hannunsa mai lafiya ya zubo daga gado ta wajen ƙofa. Inna Tani ta ajiye kofin a hankali, ta yi salati, ta shafe masa ido.

Amsar Sabi'u ba ta iso ba sai ranar sadakar uku. Nuriyya ta saurara a bayan ɗaki har sau biyu. Ta yi niyyar ta haɗiye maganar har abada. To amma da mata suka watse, Inna Tani ta riƙo mata gefen mayafi.

"Na ga kin kara waya a kunne. Zumar ce ko?"

"Inna, a bar maganar nan, sai dai addu'a."

"Don girman Allah, Nuriyya."

Nuriyya ta durƙusa a gabanta. "Ba aike ba ne, Inna. Roƙo ne. Wai cewa yake, don Allah kada ki tafi."

Inna Tani ta saki mayafin. Ba ta yi kuka ba.

"Malam ne ya ce don Allah?"

"Shi ne, Inna."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗakin. Nuriyya ta tsaya a bakin labule. An riga an naɗe katifa, sai ƙarfen gado. Inna Tani ta jawo 'yar kujera ta zauna dab da shi, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen. Aka kira la'asar, tana nan zaune.