Abin da Mai Ƙaho Ya Zo Nema

Kausar ta daɗe tana kallon shafin tsakiya. Ƙarar janareta ta cika shagon ɗab'in Malam Aƙilu da ke bayan kasuwar Funtua, Awaisu kuwa sai zuba yake yi.

Kowannensu da jaruminsa. Ita ke zana Walƙiya, yarinyar da ke sauka tare da hadari, shi kuma yana zana Garma, ƙaton manomi mai hannun ƙarfe. Tun suna jami'a masu bin labaransu a waya suke roƙon a haɗa jaruman biyu wuri ɗaya. To ga shi an haɗa su. Awaisu ne ya ƙirƙiro mugun da za su yaƙa, kuma yau za a buga littafin.

Sunan mugun Mai Ƙaho. Dogo ne siriri, ya gicciya sanda bisa kafaɗunsa, ƙahoni biyu sun huda malfarsa, bayansa garken shanu masu jajayen idanu sun cika wata gona. In aka cire ƙahonin, marigayi kakanta ne sak, yadda yake tsayawa a bakin garke a Musawa. Ga sunanta a bangon littafin, ga shi ta yi wa kakarta Inno alkawarin kwafin farko. Inno ba ta karanta boko, amma hoto ba ya ɓoye mata komai.

"Malama Kausar, kin yi shiru," in ji Awaisu. "Ko ƙahon ne ya firgita ki?"

"Me yake so?" ta tambaya a hankali.

"Wa?"

"Mai Ƙaho. Me ya kawo shi gonar?"

"Ɓarna mana. Mugu ne."

"Haka kawai ya tashi, ya karya kumallo, ya ce bari in je in yi mugunta?"

Malam Aƙilu ya tuntsire da dariya daga bayan injinsa. Awaisu ma ya dara. "Kai, 'yar Fulani! An taɓa ɗan'uwa, an fara kare shi."

Kausar ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafinta. A aji ma haka take, ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu. Saura kaɗan ta ce a buga kawai. Sai ta hango Inno zaune kan tabarma tana juya shafin nan. Ta ɗora yatsa a kan zanen.

"Ina ka samo gonar nan?"

"Ta Baba ce, a Ƙarfi. Hotonta na ɗauka lokacin kaka, na bi shi daki-daki."

"To duba. An yanke dawa, an ɗaure dammuna, kara ne kawai a kwance. Me ya rage da zai ɓata?"

Malam Aƙilu ya leƙo, yana goge tawada a hannunsa. "Ai a irin wannan lokacin mu har roƙonsu muke yi su shigo. Su ci kara, su bar mana taki. Mahaifina tuwo yake aika musu."

Awaisu ya sosa ƙeya. "Shi ke nan, sai in mayar da gonar kore shar, ta zama damina. Yanzun nan zan gyara."

"Mayar," in ji Kausar. "Tambayata dai tana nan. Makiyayi ya san abin da ke biyo baya in dabba ta shiga shuka. Me zai kai shi?"

Ta ciro wayarta, ta buɗe tsohon labarin da ya fito da sunan Garma, wanda a cikinsa ya nome ƙasa tun daga Ƙarfi har Dandume bai bar ko taƙi ba.

"Ka ga jar hanyar nan da ta ratsa gonaki a hoton farko? A hoto na gaba babu ita."

"Hanya ce kawai. A hoton da na ɗauka na gan ta."

"Burtali ne, Awaisu. Ta nan shanu ke bi su je rafi."

Ya karɓi wayar, ya koma hoton farko, ya dawo na biyu, ya sake komawa. Wannan shafin ne mutane suka fi yabawa cikin duk aikinsa.

"Wato jarumina ne ya jawo rigimar?"

"Ban ce Mai Ƙaho ya kyauta ba. In ya taka shuka, Walƙiya za ta kwantar da shi ƙasa, ba ruwanta. Amma in ya faɗi za ta tambaye shi dalili. Garma ba ya tambaya. Ita tana yi."

"Kamar mai ita," in ji shi, fuska a murtuke.

Ya daɗe yana kaɗa fensir a kan tebur. Can ya ɗago. "Malam Aƙilu, a kashe injin. Ba yau ba."

"Daɗina da ku ke nan, 'yan boko," in ji Malam Aƙilu, ya fita wajen janareta.

Shagon ya yi tsit. Awaisu ya jawo farar takarda.

"Jajayen idanun shanun fa?"

"Cire su."

"Ƙahon?"

Ta ɗan yi tunani. "Bar shi. Ya yi masa kyau."

"Amma ki sani, Garma ba ya ba kowa haƙuri."

"Ba sai ya yi magana ba. Ya sa hannun ƙarfen nan ya buɗe hanyar da ya rufe."

Awaisu ya fara zana ƙaton yana ja da kunyoyi baya, shanu sun jeru suna jira. Da ya zo kan Mai Ƙaho, Kausar ta miƙa hannu ta karɓi fensirin.

"Ba haka ake riƙe sanda ba. Inno za ta yi mana dariya."

Ta jawo kujera kusa da tebur, ta soma gyarawa.