Layin da Hadi Ya Bi

Shekarar da aka yanko Taraba daga Gongola, Jalingo ta cika ta batse da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa da iyalinsa, kowa yana son sabon ɗinki. Kakar telolin kasuwa ta yanke saƙa. A layinsu, rumfar Hadi tana manne da ta Jemima, wadda kowa ke kira Maman Godwin. Shi Hadi kakanninsa Zazzagawa ne, amma a unguwar Majidaɗi ta nan Jalingo aka binne cibiyarsa. Ita kuwa 'yar Kona ce, wani ƙauye a gefen gari, doguwar mace mai kaurin murya, ranar Lahadi ce kaɗai ba a jin ƙarar kekenta.

Abin da ke tsakaninsu ya wuce aron almakashi da zare. Ranar da naƙuda ta zo wa matarsa Fiddausi da gardama, yana can Yola sarin yadi. Maman Godwin ce ta tare motar a-kori-kura ta kai ta asibiti, da aka ce sai an ƙara jini ta miƙa hannunta ba ta jira kowa ba. Yarinyar da aka haifa, Sa'adatu, a tsakanin rumfunan nan biyu ta koyi tafiya.

Da gari ya fara tsada, sai wani ɗan kwangila ya sa wa layin teloli ido, yana so ya rushe rumfunan ya gina shaguna na bulo. Ran nan aka wayi gari ga tifa ta zo juye tsakuwa a bakin layin. Maza suka tsaya cirko-cirko. Maman Godwin ta ɗauko kujerarta ta dasa a daidai inda za a juye, ta zauna tana yi wa wata riga kalmasa. Direba ya yi hon har ya gaji, ya juya da kayansa.

A ranar teloli suka gane suna bukatar ƙungiya mai shugaba. Hadi ne ya fara zuwa mata da maganar.

"Yaya, ki tsaya mana. Wallahi duk layin nan babu kamarki."

Ta yi dariya har tana dafa keke. "Baban Sa'adatu, ka rufa mini asiri. Mazan nan za su bi mace?"

"Za su bi. In ma ba su bi ba, ni ne na farko a bayanki."

Sai da ya yi ta naci kafin ta yarda. Wanda ya fito karawa da ita shi ne Faruk, Bakano mai kekuna da yawa da yaran shago, mutum mai fara'a, ba shi da abokin faɗa, sai dai rabin ransa yana hanyar Kano. Aka ce za a yi zaɓe irin na zamanin, ƙato bayan ƙato: 'yan takara su tsaya, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, a ƙirga a idon jama'a.

Da hantsin ranar zaɓe, Hadi ya kusa filin makarantar da za a taru sai ya ji an kira shi. Malam Sajo ne, dattijon da ya koya masa ɗinki tun yana yaro, wanda har yau Hadi bai iya haɗa ido da shi. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ɗana, na ji wata magana, na ce ƙarya ake yi maka," in ji dattijon. "An ce kai ne ka zuga matar nan."

"Baba, ai kai ma ka ga abin da ta yi."

"Na gani. Jaruma ce, Allah ya saka mata. Amma ina ka taɓa ganin mace ta ja gaba, maza da gemunsu suna bayanta? Kuma ga namu ya fito. In za a je gaban manya, da bakin wa za a yi magana? Kada ka kunyata ni a cikin mutane."

Dattijon ya juya ya yi gaba. Hadi ya bi bayansa zuwa filin.

An tsayar da 'yan takara a gindin bishiyar maina, sun ba jama'a baya. Maman Godwin ta sha ɗaurin atamfa shuɗiya, ta tsaya ƙyam. Da aka busa usur, mutane suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wani tela Obadiya, wanda cocinsu ɗaya da ita, ya wuce layin Faruk yana cewa da ƙarfi, "An ce ƙato bayan ƙato, ba a ce ƙato bayan mace ba!" Aka kwashe da dariya. Kande mai ɗinkin huluna, da mayafinta da carbinta, ta taka ta tsaya a bayan Maman Godwin ba ta kalli kowa ba. Mata suka bi ta, da wasu tsirarun maza.

Hadi ya rage a tsakiya. Ƙafarsa ta ɗaga za ta yi hagu, wajen layin Maman Godwin, sai ya ji tarin Malam Sajo. Tari ne kawai, irin na tsofaffi. Ya tsinci kansa a layin Faruk, ya shige tsakanin mutum biyu masu manyan riguna, ya sunkuyar da kai.

Ana cikin ƙirga Maman Godwin ta waiwayo. Ta bi layinta da ido tun daga Kande har ƙarshe, ta sake bi. Sannan ta dubi ɗaya layin. Ba ta daɗe tana nema ba. Ta kalli Hadi kamar mai tabbatar da launin zare, ta mayar da fuskarta gaba.

Faruk ya ci da rata mai ɗan dama. Hadi ya riƙe wannan kamar mai riƙe reshe a ruwa: ko da ya tsaya a bayanta, da ba ta ci ba. Haka ya faɗa wa Fiddausi da ya koma gida. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ai ba ƙuri'arka ta nema ba, Malam. Kai ta nema."

Washegari ya zo kasuwa yana jiran faɗa, har ya shirya amsoshi. Maman Godwin ta gaishe shi kamar kullum, ta tambayi Sa'adatu, ta ari alli ta dawo da shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya koma yin aiki ya ba rumfarta baya, wai hasken ya fi kyau ta can.

Damina na tsayawa ɗan kwangilar ya dawo, wannan karo da takardu da 'yan ƙarfi. Faruk yana Kano. Kafin ya dawo an kwashe rabin layin. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya samo wa wasu gurbi a sababbin shagunan, Hadi yana ciki. Da aka zo kan mata sai aka ce wuri ya ƙare, ai su suna iya ɗinki a gida. Maman Godwin ta ɗora kekenta a amalanke ta koma Kona. Hadi yana cikin sabon shagonsa mai warin siminti ya hango ta wuce, ya yi kamar yana neman allura a ƙasa.

Shekara ta juyo, aka shiga zaɓen shugaban ƙasa. 'Yan takara biyu ne, ɗaya daga Kudu, ɗaya daga Kano. Gardama ta kaure a kowace majalisa, Hadi kuwa ya zama bakin masu cewa a duba cancanta. Ranar zaɓe, suna tsaye a layin tantancewa a Majidaɗi, wani ya ce shi kam ɗan Arewa zai zaɓa ko me za a yi. Hadi ya hau shi da wa'azi.

"Wannan ai shi ne ya hana mu ci gaba! Shugaba ake nema, ba suruki ba. Ina ruwanka da yarensa ko garinsu? Ka duba wanda zai iya."

Mutane suka gyaɗa kai. Sai wata murya ta fito daga layin mata, a hankali, ba da faɗa ba. Kande ce.

"Gaskiya ne, Malam Hadi. Ashe ka sani."

Babu wanda ya gane abin da take nufi sai shi. Gumi ya karyo masa. Ya dangwala yatsansa a inda ya yi niyya, amma ya fito daga wurin kamar wanda aka kama da kayan sata. Can da aka soke zaɓen, gari ya ɗauki zafi, kowa yana cewa an ci amana. Duk lokacin da Hadi ya buɗe baki zai faɗi kalmar amana, sai ya tuna filin makarantar nan, ya fasa.

Wata Asabar ya rufe shago da wuri, ya hau kekensa ya nufi Kona. Ya same ta a ƙarƙashin rumfar kara a ƙofar gida, 'yan mata suna zagaye da ita tana nuna musu yadda ake yanka wuyan riga. Mijinta Job yana gefe yana gyaran fartanya. Ta aika aka kawo masa ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sallami 'yan matan.

"Yaya," ya ce, "na zo ne a kan ranar nan."

"Wace rana?"

"Ranar zaɓe. Ni na sa ki tsaya, kuma na gudu. Na san kin fi shi. Tun a filin na sani."

Ta naɗe tef ɗin awo a yatsa.

"Obadiya bai ba ni haushi ba," ta ce. "Shi tun farko ya ce mace ba za ta hau kansa ba. Abin da ya yarda da shi ke nan, ya bi. Malam Sajo ma haka. Kai fa? Kai ba ka yarda da maganarsu ba, amma ka bi su. Da ka zo da safe ka ce, Yaya, an fi ƙarfina, da na ce je ka, ba komai. Amma ka bar ni ina waige kamar akuyar da aka manta a kasuwa."

Hadi ya kasa ɗaga kai. Ya ce idan wa'adin Faruk ya cika ta sake fitowa, shi zai yi mata yawo rumfa rumfa, ko Malam Sajo zai tsine masa.

"A'a," ta ce. "Na tsaya sau ɗaya, na ga abin da na gani. Yanzu ga yarana, sun ishe ni. In wata ta fito, ka yi abin da ka ga dama. Ni dai na yafe, Allah ma muna yi masa laifi."

Ta shiga ciki ta fito da ƙullin gyaɗa ta ce a kai wa Fiddausi. Job ya raka shi har bakin hanya, suka yi sallama.

Maman Godwin ba ta sake komawa kasuwa ba. Ƙungiyar teloli ta yi ta canza shugabanni, duk maza, wasu sun yi abin kirki, wasu ba su yi ba.

Da Hadi ya iso gida a ranar, Fiddausi ta karɓi gyaɗar ta tambaye shi yadda suka yi.

"Ta ce ta yafe."

"To alhamdu lillahi. Me ya sa fuskarka haka?"

Ya jingine keken a bango ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga baya ya ce a ba shi buta, la'asar ta kusa wucewa.