Baiti na Arba'in da Ɗaya

Sau huɗu ke nan kwamfutar Mutmainna tana yi mata wulaƙanci iri ɗaya. Sai an yi nisa, fuskar na'urar ta yi shuɗi, ta ɗauke ɗif, muryar da ake ɗauka ta bi iska.

Muryar ta mahaifinta ce, Malam Maude. Waƙar wa'azi ce mai baiti casa'in da kakansa ya tsara. Takardunta sun ƙone ranar da suka gudo daga ƙauyensu na bayan Runka, yanzu babu ita ko'ina sai a kan tsohon, kan kuma ya fara yoyo tun da hawan jini ya taɓa shi. Ga Malam da hali: ba ya iya kamo waƙar daga tsakiya, in kuwa aka tsayar da shi don a rubuta da biro, zaren ya tsinke. Dole daga bisimilla, a tafi a jere. Ita kuwa na'urar, kamar da gayya, sai an haura baiti na arba'in take mutuwa.

Mai gyaran da ta yarda da shi, Nasiru ɗan baffanta, yana Safana. Su suna Batsari, a ɗaki ɗaya na aro. Sati uku ke nan ko 'yan acaɓa ba sa yarda da hanyar. Ta goge hotuna, ta sauya caja, ta tofa addu'a. Tsoro ya cika ta, don kullum tsohon raguwa yake.

Ranar Laraba da hantsi ta hau kan turmi a bakin katanga, inda ƙaramar wayarta ke samun sabis. Bayan sun gaisa, an tambayi jikin Malam da mutanen gida, ta zayyana masa komai.

"Bisa mi kike aza ta?" in ji Nasiru.

"Bisa buzun Baba mana, Yaya. Akwai Alƙur'ani cikinta, ya ce ba a aje ta ƙasa."

Nasiru ya yi salati. "Ke Mutmainna! Ta ƙasa take shan iska. Kin toshe mata hanci da gashin rago, ba dole ta suma ba?"

Kunya ta kama ta, da haushin kanta. Ta tsince gashin da ya cushe ramukan shan iskar da tsinken tsintsiya, ta ɗora na'urar a kan katakon da ake buɗe Alƙur'ani a kai, wanda ko Malam bai ga laifinsa ba. Ta bar ta a kunne har azahar. Ko gezau.

Da la'asar ta gyara wa tsohon zama, ta danna. Ya yi bisimilla, ya ja waƙar da 'yar muryarsa mai rawa. Goma, ashirin, talatin. Tana ƙirgawa da yatsu. Ya sauke na arba'in lafiya lau.

Sai ya yi shiru.

Kwamfutar na ta aikinta, sanyi ƙalau, tana ɗaukar kukan kaji a tsakar gida. Leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito. Ya koma na arba'in, ya sake isowa bakin wurin, ya tsaya.

"Baba, na arba'in da ɗaya," ta ce a hankali.

Ya daɗe yana dubanta, idanunsa sun ciko.

"Ɗiyata, ba ki riƙe ko kalmar farko ba?"

Ba ta riƙe ba. Duk sau huɗun nan, fuskar na'urar take kallo.